Muryar Kaka a Tsohon Faifai

Bakina ne ya jawo, kwamfuta ba ta da laifi. Ina hutun shekara a gida, a Ƙaura, muna cin abincin rana, na ce wa Inna idan Allah ya yarda mako mai zuwa za mu ji muryar Kaka, marigayiya mahaifiyarta. Jimla ɗaya ce, kuma na auna ta yadda nake auna labaran da nake karantawa a rediyo: da "idan Allah ya yarda" a gabanta, da "mako mai zuwa" a tsakiyarta. Inna ta buga wa ƙanenta, Kawu, waya a Zurmi, sai "mako mai zuwa" ya faɗi a hanya. Kawu ya buga wa Iya a Shinkafi. Kafin labarin ya gama shiga kunnenta, ya zama wai na riga na fito da muryar, na rufe ɗaki ina saurare ni kaɗai, na hana kowa.

Iya ƙanwar Kaka ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ƙafa ta hana ta tafiya, ta yi shekara uku ba ta taka Ƙaura ba. Ba mu da hoton Kaka na kirki, sai wani na katin zaɓe da ta yi kama da wadda aka tasa daga barci. Abin da ya rage nata shi ne wannan murya.

Ga yadda aka yi na same ta. Farkon shigata aikin rediyo an ba ni rikoda in koyi ɗaukar hira. Na zo gida na zaunar da Kaka a gindin darbejiya, na wuni ina yi mata tambayoyi. Daga baya na juye kaset ɗin a kwamfutata ta farko, zafi kuma ya lalata kaset ɗin. Kwamfutar ta ƙone, Kaka ta rasu, ni kuma na cire faifan ajiyar da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira had dis, na naɗe shi a tsohon zane na jefa a akwatin Inna. Irin na da ne, mai faffaɗar waya kamar ɗamara. Kwamfutocin yanzu ba su da ramin da zai shiga.

A wannan hutun na samo wata tsohuwar kwamfuta sa'arsa a wurin wani mai gyara kusa da tasha. Faifan ya shiga daidai. Sai dai ba ta da ƙarfin ɗaukar manhajar zamani, don haka na ce bari in ɗinka mata daidai jikinta, in sa a filashi, ta tashi daga nan, sannan in leƙa cikin faifan.

Abin da ake ɗinkawa sunansa kanel. Shi ne tsakiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ke magana da ƙarfen kai tsaye. Amma ba ya jin yaren kowace na'ura sai an haɗa shi da tafintanta. Faifai da nasa tafinta, filashi da nasa, madannai da nasu. Wani injiniyanmu ne ya koya mini haɗa shi a lokutan da muke jiran a gyara janareta, kuma tun daga nan abin ya kama ni. Za ka buɗe wani shuɗin allo mai layuka dubbai, kowane layi tambaya ce, amsa kuma uku ce. Ka bar gurbin fayau, wato ba ka so. Ka sa tauraro, wato a ɗinke tafintan a jikin kanel, duk inda ya je da shi. Ko ka sa harafin M, wato a ajiye shi a gefe, a cikin ma'ajiya, sai an buƙace shi a kira.

To ni edita ne. Sana'ata yanka. Wakili ya aiko rahoton minti biyar, in mayar da shi minti ɗaya da rabi, ya saurara ya rasa abin da aka cire. Da na ga wannan jeri sai na shiga cikinsa kamar na samu rubutun sabon ma'aikaci. Wannan ba a buƙata. Wannan maimaici ne. Wannan ya jira a gefe. Na yi kwana biyu ina sara, ina jin daɗi kamar mai sassabe, har kanel ɗina ya fito ɗan siriri abin sha'awa. Ranar Talata da yamma na gama. Ban gwada ba. Na ce ai akwai mako guda.

Laraba da hantsi ina wanke fuska sai na ji sanda tana dukan ƙofar gida.

"Ina wanga mijin nawa mai rowa? Hito! Ka ɓoye min yaya cikin akwati kana saurare kai kaɗai?"

Iya ce, da lulluɓinta mai ruwan goro da ɗan rediyonta rataye a wuya, irin mai cin memori. Kawu na bayanta yana riƙe da ƙullin kayanta, yana dariyar mutumin da ya san shi ya haɗa. Ya taso daga Zurmi a babur ya tarye ta a tasha.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Amarya, da kin aiko ai da na yi shiri."

"Shirin mi? Shekara nawa muna aure ban ga shirinka ba. Kunna min."

Kawu ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiyar magana. Direban da ya kawo ta zai juya da an idar da la'asar, don ba ya bari magariba ta same shi a hanya, ba mai bari yanzu. Iya kuma ba za ta kwana ba, maganinta yana Shinkafi. Kuma da wannan ƙafa, in ji shi, kada in sa rai da wata zuwan nan kusa.

Na duba agogo. Aikina ya koya mini abu guda: idan jar fitilar ɗakin watsa labarai ta kama, ba a nuna tsoro. Na ce musu su shigo.

Muka fito da komai rumfar tsakar gida, kusa da batirin sola, don ba a kawo wuta ba tun jiya. Tsohuwar kwamfuta a kan tebur, ƙaramata ta hannu a kan cinya. Inna ta shimfiɗa wa Iya tabarma ta kawo fura. Ba a gama damawa ba gardamar gidanmu ta tashi, wadda ta girme ni.

Lokacin suna yara, Kaka da Iya sun hau jaki ɗaya za su kai daddawa Kasuwar Daji. A tsakiyar gulbi jakin ya ga dama ya zauna. Ɗayarsu ta faɗa ruwa da ƙwaryar daddawar, ruwa ya tafi da ita kaf. Wace ce ta faɗa? Iya ta rantse yayarta ce. Kawu ya ce shi da kunnensa ya ji ba haka ba.

"Kai kana can?" in ji Iya. "Uwarka ko zane ba ta iya ɗaurawa da kyau lokacin. Ita ta hwaɗi, gari duka ya sani, babanmu har ya hana ta tuwo."

"To, Iya, yau dai za mu ji daga bakin mai ita."

"Ai shi ya kawo ni. In ji ta hwaɗa da bakinta, in ga inda za ka sa wagga doguwar huskar."

Ni dai ban tuna ko na yi wa Kaka wannan tambaya ba. Na soke filashi, na danna maɓalli, na gyara zama kamar mai shirin karanta kanun labarai.

Fanka ta ciki ta yi gurnani. Farin rubutu ya fara gudu a baƙin allo, layi bayan layi, da sauri, da kyau. Sai ya tsaya cak. Fitilu biyu a kan madannai suka shiga ƙiftawa. Layin ƙarshe da Turanci yake, na karanta shi sau biyu.

"Mi ta ce?" in ji Iya.

"Ta ce kanel ya firgita."

"Ya firgita? Ni ya gani?"

Kawu ya ƙware da fura. Inna ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na riga na gane abin da na yi, kuma saboda kyawun kuskuren sai dariya ta kama ni ni ma. Allon cikin kwamfuta ya iya zaro kanel daga filashi ya ɗora shi a ƙwaƙwalwa, daga nan ya sake masa hannu. Kanel ya miƙe, ya juya zai ɗauko sauran kayan aikinsa a filashin, sai ya tarar ba ya jin yaren filashi. Tafintan filashi kuwa na sa masa M. Na ajiye shi a gefe sai an buƙata. A ina? A cikin filashin.

Na yi musu bayani dalla-dalla. Iya ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Wato ka kulle ɗaki, ka bar makulli ciki."

"Haka ne."

"Kuma kai ne mai gaya wa duniya labari da sahe."

"Ni ne."

"Allah ya jiƙan masu saurare."

Na koma shuɗin allo a kwamfutar hannu. Na bi layukan filashi ɗaya bayan ɗaya, da na ramin da ake soke shi, da na tsarin da aka jera fayiloli a cikinsa, duk na mayar da M tauraro. Na ƙara wa kanel umarnin ya ɗan dakata idan ya tashi, don filashi ba ya amsa kira da wuri. Iya ta ce to ai ya gaji mai shi, ta tuna yadda ake fama da ni sallar asuba ina yaro. Na sa aka fara haɗawa. Rubutu ya dinga malala, kwamfutar ta ɗauki zafi har ta ƙona mini cinya. Da na faɗa, sai Iya ta matso da mafici ta shiga yi mata fifita da gaske, tana ce mata, "Yi haƙuri, ɗiyata, ba ke kaɗai yake wahalarwa ba."

Karo na biyu rubutun ya gudu, ya wuce inda ya tsaya ɗazu, ya ci gaba, ya ci gaba, sannan ya tsaya a wurin da ya kamata, da ɗan layi yana ƙiftawa yana jiran umarnina. Na ɗaga hannu biyu sama. Iya kuwa ta rangaɗa guɗar da ta tashi kajin maƙwabta. Wata mata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Na rubuta umarnin da ke lissafo duk ma'ajiyar da kwamfuta ke gani. Ta lissafo guda ɗaya, filashi.

Na sake rubutawa. Guda ɗaya.

Na kara kunne a jikin akwatin. Faifan yana juyawa, ina jin ɗan kukansa. Na kashe, na cire faffaɗar wayar, na hura, na mayar, na kunna. Guda ɗaya. A nan dariya ta bar ni. Faifai yana iya juyawa alhali ya mutu, kuma wannan ya yi shekaru a akwati tare da turare da tsofaffin zannuwa. Aka kira azahar. Gabas ta fara haɗa hadari.

Ko a masallaci ina lissafi, Allah ya yafe mini. A hanyar dawowa, daidai wurin mai rake, abin ya faɗo mini. A kwana na farko na sara, na tarar da wani sashe guda na tafintocin faifai irin na da, masu faffaɗar waya. Layuka ne masu yawa, kowanne da sunan wani kamfani da na daina ji tun ina makaranta. Na tuna har tsaki na yi. Na ce wa ke amfani da waɗannan yanzu, na share sashen baki ɗaya da dannawa ɗaya, na ji daɗin yadda jerin ya ragu.

Na faɗa wa Kawu muna tafe. Ya tsaya a tsakiyar hanya.

"Tsaya in gane. Ka tashi neman tsoho, sai ka fara da korar duk mai jin yaren tsofaffi?"

"Kusan haka."

"Kusan? Kai, kada ka bari Iya ta ji wannan."

Yana shiga gida ya faɗa mata da kansa.

Iya ba ta ko yi fushi ba, murna ta yi. "Na sani! Na daɗe da sanin haka kake. Duk abin da ya tsuhwa sai ka yar. To ga ni zaune, zo ka share ni."

Wannan karon ban yi wayo ba. Na sa tsohuwar kwamfutar ta faɗi sunayen sassan jikinta, na kwafi sunan wanda ke riƙe da faifai a bayan takardar magani, na nemo layinsa na sa tauraro. Sannan na sa wa na samansa da na ƙasansa. Na tuna cewa tsohuwar kwamfutata wata manhaja daban take amfani da ita, jerin fayilolinta daban ne, na nemo wannan ma na sa. Duk layin da ya yi ƙamshin ajiya na sa masa tauraro. Hannuna na edita yana ƙaiƙayi, na danne shi. Kanel ɗina ɗan siriri ya yi taiɓa.

Haɗin ya fi na baya daɗewa. Rana ta shige gajimare, na'urar sola ta fara ƙara, ƙit, ƙit, alamar batir na ja da baya. Inna ta tashi kamar soja ta zare duk wayoyin maƙwabta da aka kawo caji, ta kashe fanka, ta zuba wayoyin a faranti ta ajiye a zaure. Iya na fifita, Kawu na leƙa sama yana ba da rahoto: ya kai kan masallaci, ya kai kan tsamiya. Direba ya bugo ya ce a fara shiri, ba zai jira ruwa ba. Kawu ya ce masa tsohuwa tana alwala. Iya ta ce, "Ƙara mishi da cewa alwalar tsohuwa doguwa ta."

Haɗi ya ƙare. Na juye, na soke, na kunna. Na rubuta umarnin.

Guda biyu.

Ban ɗaga hannu ba, na koyi darasi. Na buɗe faifan ta hanyar da za a iya karantawa kawai, ba a iya rubuta komai a kansa, kada garin gaggawa in ɓata abin da ya jira ni shekaru. Ga manyan jakunkuna nan da sunayen da na ba su da ƙuruciya. Ga wadda na rubuta wa "Hira da Kaka". Abu na farko, na kwafe ta zuwa filashi, ina kallon lambobi suna hawa har suka cika. Sannan na jona 'yar lasifika.

Iska ce ta fara fitowa. Sai kukan akuya. Sai wani saurayi ya gyara murya ya ce, da wata irin Hausa mai sitaci, "Jama'a masu saurare, a yau muna tare da wata dattijuwa."

Rumfar ta fashe da dariya. Kawu ya kwanta a tabarma. Inna tana share hawaye tana maimaita "wata dattijuwa". Ni kaina na rufe fuska.

Sai aka yi tari, ɗan gajere, sau biyu. Dariyar ta yanke kamar an zare waya, don duk mun san tarin.

"Kai, wace dattijuwa? Matarka ta zama dattijuwa? Kawar da wanga abu daga bakina."

Iya ta saki mafici. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa lasifikar. A hankali ta ce, "Yaya."

Hirar ta fi awa biyu, mu kuma ba mu da ko rabin awa. Na dinga tsallakawa ina saurare: zancen fari, zancen jirgin ƙasa, yadda ake gane gero ya nuna. Can wajen tsakiya na ji kalmar jaki, na tsaya, na koma baya kaɗan. Ashe na tambaya.

Kaka ta yi dariya tukuna, doguwa, har da tafi.

"Ita ta hwaɗi mana. Ƙarama ta, ba ta kai shekara shida ba. Ni na tsamo ta da gashi. To babanmu yana da zahin hannu, daddawa kuma ta tahi. Sai na jiƙa zanena, munka iso gida na ce ni ta. Na hwaɗa, na ƙara hwaɗa, har ita ma ta yarda. Har yau tana min gori da shi." Ta sake dariya. "Bar ta. Kada ka gaya mata, ka ji? In ka kai gidan rediyonku ka yanke wurin nan."

Hannuna ya riga ya kai kan madannai, amma ya makara da shekaru. Na tsayar. Kawu, wanda ya ci gardamar da ya yi rabin rayuwarsa yana yi, ya sunkuyar da kai yana tsintar zaren tabarma.

Iya ta daɗe tana kallon lasifikar. Ta ja bakin lulluɓi ta goge hanci.

"Ƙarya take yi," ta ce. "Allah ya jiƙanta, ƙarya take yi. Maido min baya."

"Daga ina, Iya?"

"Daga dariyar."

Na mayar. Ta saurara, bakinta na motsi tare da na yayarta. Na sake mayarwa. A karo na uku ita ma ta shiga dariyar, su biyu, ɗaya a lasifika ɗaya a tabarma, kuma sai a ranar na lura dariyarsu iri ɗaya ce, har inda numfashi ke yankewa.

Aka kira la'asar. Muna idarwa mota ta yi oda a ƙofar gida, ɗigon ruwa na farko ya bugi kwanon rumfa. Iya ta ciro rediyonta daga wuya ta miƙo mini. Na zare memorin na fara juye mata. Na ce idan ta ba ni mako guda zan gyara mata shi tsaf, in cire iskar da kukan akuyar da surutuna, in aika mata ta hannun Kawu.

Ta ɗaga sandarta ta auna hannuna da ita.

"Ka taɓa ka gani. Akuyar ma na san ta, ta maƙwabta ta, mai cin shanya. Duka nake so."

Na juye mata duka, awa biyu da 'yan mintuna. Kawu ya riƙe ta har mota, Inna ta bi su da ƙullin kaya da leda a ka. Kafin direba ya rufe ƙofa ta riga ta kunna, ta ƙure ƙara, fasinjoji suna waiwaye. Motar ta ja cikin yayyafi ta nufi hanyar Shinkafi, ina jiyo wani saurayi yana sanar da mutum goma sha wani abu da ba su san shi ba cewa a yau yana tare da wata dattijuwa.